Yatsa Ɗaya da Ya Rage wa Kawu Mai Hoto

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, Kawu kuma ya riga mu tafiya. Ran da aka kai shi makwancinsa, tabarmin gidan ba su isa ba sai da aka aro na masallaci. Babura da amalanke suka cika layinmu na Gazawa tun daga bakin titi har gindin dogon yaron ƙofar gida. An zo daga Gangara, an zo daga ƙauyukan bakin iyaka, har daga Gidan Sori wani dattijo ya taso, ya ce ba zai iya jin labari ya zauna ba.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Ina cikin gida tare da mata, kusa da Inna mahaifiyata, muna amsa gaisuwa. Kowace ta shigo da abin da za ta faɗa. Wannan ta ce shi ya yi mata hoton aure. Waccan ta ce hoton da ke kan kartidanten mijinta, wato katin shaidarsa, na hannun Kawu ne, har yau bai koɗe ba. Wata da gida uku ne kawai tsakaninta da namu ta fi kowa ɗaga murya, tana dafe da ƙirji tana cewa Gazawa ta yi rashin uba. Na dube ta, na rasa ranar da na taɓa ganin takalminta a bakin zauren Kawu tun da ya kwanta.

Ta bayan katanga ina jin maza. Yaya, babban ɗan Kawu, yana zaune a kan tabarmar gaba da sabuwar hularsa ta alhazai, ana miƙa masa hannu ana cewa, "Alhaji, sai haƙuri. Kai dai ka riƙe tsoho, Allah ya ba ka lada." Shi kuma yana amsawa da "amin, amin."

Inna ta jingino kanta kusa da kunnena. Idanunta sun bushe, tun safe ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ashe yana da mutane haka? Ina suka shiga bara?"

A wurin na ƙudura cewa zan rubuta abin da na sani game da shi. Idan aka bar wa masu zaman makoki labarinsa, nan da shekara za a ce tsoho ne mai haƙuri da ya mutu cikin gata. Kawu ba mai haƙuri ba ne, kuma bai mutu cikin gata ba.

Shagonsa yana kusa da tasha, ɗaki ɗaya na ƙasa mai ƙofar kwano, jikin shagon wani tela da suka yi zaman shekaru tare. Tun ina ƙarama nake ganinsa a can. A lokacin da fim yake aiki, sai ya tara ya hau mota zuwa Maradi a wanko. Daga baya ya tsallaka iyaka ya sayo kyamarar zamani da ƙaramar na'urar buga hoto, ya zama mutum na shiga ya fito da hotonsa a hannu. A bango akwai labule biyu: fari na takardun gwamnati, da wani mai zanen gidan sama da itatuwan dabino, na sallah da biki. A ƙusa kuma kwat ɗaya ce rataye, baƙa, wadda rabin mazan karkarar nan suka taɓa sawa. Ko ta yi wa mutum yawa ko ta matse shi, Kawu zai ja kafaɗar, ya kama bayan da abin shanya, ya ce, "Ta gaba ake kallo."

Ba ya gaggawa, kuma ba ya son a sa shi. Manomi zai shigo ya zauna a ƙage, ya zare ido kamar an kai shi gaban jandarma. Kawu zai leƙo ta gefen kyamara ya ce, "Ɗaga kai, ba laifi ka yi ba." Ya tambaye shi gero, ya tambaye shi wake, ya jira har mutumin ya saki numfashi. Yakan ce fuskar mutum tana gudu idan ta ga kyamara, aikinsa shi ne ya jira ta dawo. Wani ɗan kasuwa ya taɓa ce masa ya yi sauri motarsa za ta tashi. Kawu ya rufe idon kyamara da murfinsa, ya ce, "To bi motarka." Mutumin ya zaci wasa ne. Sai da ya dawo wata ranar kasuwa.

Ba zan mai da shi waliyyi ba. Taushin da yake yi wa baƙi a shago bai cika kawo shi gida ba. 'Ya'yansa sun tashi suna jin tsawarsa fiye da dariyarsa. Yaya ya taɓa ce mini, tun muna matasa, "Tsohon nan ya san fuskar kowa a garin nan ban da tamu." Akwai gaskiya a ciki. Ni ce nake samun sassauci, don ɗiyar ƙanwa ce, kuma ni kaɗai nake zama ina kallon aikinsa ba tare da na gaji ba.

Rawar hannun ta fara a hankali. Da farko shayi ne ke zuba a rigarsa, yana cewa kofin ne ya cika. Sannan hannun dama ya soma kaɗawa ko yana zaune bai taɓa komai ba. Likita a Maradi ya ce ciwon tsufa ne na jijiya, magani yana rage shi amma ba ya kashe shi. Kawu ya ɗora kyamarar a kan maƙallinta mai ƙafa uku, yana ganin ya rabu da matsala. Amma dole yatsa ya taɓa maɓallin da ke sa idon kyamara ya ƙifta, kuma da ya taɓa sai duk kyamarar ta girgiza. Hotuna suka fara fitowa da hanci biyu, ido a jirkice. Na nuna masa cewa kyamarar tana iya ƙirga ɗan lokaci ta ɗauka da kanta. Ya ce, "Ita za ta zaɓa mini lokaci? Mi ta sani game da mutum?"

A nan ne bakin gari ya buɗe. Wasu suka ce hannun da ya yi ta yin surar bayin Allah ne aka kama tun a duniya. Ba a ɓoye suke faɗa ba, a majalisar bakin tasha suke faɗa, inda iska ke kawo maganar har ƙofar shagonsa. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗaya a cikinsu da ba ya ɗauke da hoton Kawu a aljihu, manne a kan takardar da yake tsallaka iyaka da ita.

Wata rana wani ya dawo da hotunan da aka ƙi karɓa a buro, wato ofishin gwamnati. Ya watsa su a kan tebur gaban mutane, ya ce, "Tsoho, in ba ka iyawa ka faɗa mana, kar ka riƙa ɓata mana tafiya." Tela ne ya ba ni labari. Ya ce Kawu ya tattara hotunan da hannun hagu, ya duba su ɗaya ɗaya, ya ce, "Gaskiyarka." Ya ja ƙofar kwano ya sa kwaɗo, ya tafi gida da rana tsaka. Ya yi wata da watanni bai koma ba.

Ni aikin buga takardu nake yi a wani buro. A shekarar aka turo masu rajista da kayansu, aka ba su ɗakin da ke kusa da nawa. Ina wucewa na ga kyamararsu a tsaye ita kaɗai, babu kowa a bayanta. Mai aikin yana zaune gefe gaban kwamfuta, fuskar mutum ta fito a allon, ya danna abu ɗaya, kyamarar ta yi ƙyas daga can. Waya ce siririya ta haɗa su. Na tsaya a bakin ƙofa har matar da ke bayana ta ce in matsa. Da aka tashi aiki na tambaye shi ko kowace kyamara tana yin haka. Ya ce ba kowace ba, in kawo ya gani. Na je na ɗauko ta Kawu ba tare da na gaya masa dalili ba. Aka gwada, ta amsa. Mutumin ya sa mini manhajar a tsohuwar kwamfutata ta hannu, ya nuna mini yadda ake yi, ya ce in nemi waya mai tsawo a Maradi.

Da na kai wa Kawu maganar yana kwance a zaure, ya juya mini baya.

"Ni da na tsufa a bayan kyamara, yanzu in koma gefe in zauna kamar sakatare?"

Na ce, "Kawu, sakatare ce ke yi maka magana."

Ya ce, "To ba da ke nike ba."

Inna ce ta tashe shi. Ta zo ta tsaya a kan wan nata, ta ce, "Yaya, ka tashi ka je ka gani. In bai yi ba ka dawo ka ci gaba da mutuwarka, ba wanda zai hana ka." Duk duniya ita kaɗai ke iya yi masa irin wannan magana.

Muka buɗe shagon, muka share ƙura da saƙar gizo. Na kafa kyamarar a inda take tsayawa, na ja wayar ta bi gindin bango zuwa wani ɗan tebur a gefe, na ajiye masa kujera mai hannu. Tela ya bar kekensa ya zo ya zauna gaban farin labule don a gwada da shi. Da fuskarsa ta fito a allon, babba, har ana ganin zaren da ya maƙale a gemunsa, Kawu ya matso da kai. Na nuna masa dogon madannin da ke ƙasan sauran, na ce wannan kaɗai ne nasa, sauran ba ruwansa da su. Hannun dama ba ya tsayawa ko kaɗan a lokacin. A hagu ma yatsan nuni ne kawai yake yi masa biyayya. Ya ɗora shi a gefen madannin, hannun yana kaɗawa, teburin yana kaɗawa. Kyamara kuwa tana can tsaye, ko motsi.

Ya ce wa tela, "Ɗaga kai."

Ya danna. Ƙyas. Hoton ya faɗo a allon, tas, kowane gashin gira a wurinsa. Kawu ya daɗe yana kallo. Na zaci zai yi hamdala ko ya sa mini albarka. Sai ya ce, "Ta makara. Na danna yana kallona, ta ɗauka ya fara ƙifta ido."

Gaskiya ne, akwai ɗan jinkiri tsakanin dannawa da ɗauka, wanda ni ban ma lura da shi ba. Ya hana tela komawa aikinsa har la'asar, yana dannawa yana tsaki, har ya gane tsawon jinkirin a jikinsa. Daga ranar ya koyi dannawa kafin abin da yake jira ya iso. Yakan ce da can yana kama fuska ne, yanzu tarbarta yake yi a hanya.

Abin bai zo da sauƙi ba. Idan aka daɗe ba a taɓa kyamarar ba sai ta yi barci, allon ya yi baƙi, Kawu ya aika a kira ni daga buro yana cewa na kawo masa kayan ƙarya. Sai da na gano inda ake hana ta barcin. Mutane suna tuntuɓe da wayar tana fita, har tela ya yanko ƙyalle ya ɗaure ta a ƙafar maƙallin, ya ɗinka mata doguwar riga don ɓera. Idan an ɗauke wuta, kwamfutar takan riƙe na ɗan lokaci, Kawu ya riƙa yi wa masu jira tsawa su daina gyaran hula. Bai taɓa koyon kunna ta ba. Kullum da safe ni ke biyawa in kunna kafin in wuce aiki, da yamma in kashe. Bai taɓa ce mini na gode ba. Amma kullum zan tarar da ƙosai a ƙunshe a kan teburin, ya ce wani ne ya manta da shi.

Damina biyu ya yi a haka, kuma ina shaida hotunan da ya ɗauka a lokacin sun fi duk na ƙuruciyarsa. Dalilin shi ya gano shi da kansa. Tunda yana zaune a gefe da fuskarsa a buɗe, mutane sai suka riƙa mantawa da kyamarar, suna hira da tsoho kawai.

Wata ranar kasuwa ina shagon aka kawo wata tsohuwa daga Gangara a amalanke. Ɗanta ya tafi arewa neman abinci ya daɗe bai dawo ba, ya aiko a ce yana son ganin fuskarta. Idonta ɗaya ya yi fari, haƙoran gaba babu. Da ta zauna, Kawu ya ce in juya mata allon ta ga kanta. Ta duba, ta ja mayafi ta rufe baki.

Ta ce, "Malam, wagga tsohuwa zan aika mai? Bari in koma gida. Ya riƙe wadda ya sani."

Kawu ya ɗaga hannunsa na dama, ya bar shi yana kaɗawa a gabanta. Ya ce, "Hajiya, dubi mai ɗaukar ma. Ni da ke duk an sha da mu. Zamna." Ya ce in mai da allon wajensa. Ya sa ta ɗan karkata, idon mai lafiya ya fuskanci hasken ƙofa. Sannan ya bar maganar hoto gaba ɗaya. Ya tambaye ta yaron nan da yana ƙarami mi ya fi yi mata na ɓarna. Ta ce satar ƙuli-ƙuli. Ta fara ba da labarin ranar da ta kama shi da baki cike yana rantsuwa bai ci ba, mayafin ya zame, dariya ta taso mata. Ban ga lokacin da yatsan ya sauka ba, ƙarar kawai na ji.

Da aka buga hoton ta riƙe shi da hannu biyu. Ta ce, "Wannan ya san ta." Ta kwance bakin zane za ta biya, Kawu ya ce ta ajiye, in yaron ya dawo ya kawo masa ƙuli-ƙuli.

A cikin wannan lokacin ne samari masu ɗauka da wayar hannu suka cika bakin tasha. Su ba sa cewa kowa ya ɗaga kai. Su jingina mutum da bango, su ɗauka, su goge masa ƙuraje har ya koma kamar ba shi ba, kuma mutane suka fi son hakan. Ban ga laifin samarin ba, abinci suke nema. Waɗanda nake gani da laifi su ne masu wucewa ta ƙofar Kawu suna kau da kai, mutanen da ya ɗauki iyayensu ya ɗauki 'ya'yansu, ko sallama ta gagare su don kar ya ga inda za su. Yana ganinsu. Kujerarsa tana kallon ƙofa.

Yaya a lokacin kasuwancinsa na tsallaken iyaka ya kankama, yana neman wurin ajiye kaya kusa da tasha. Ya zo shagon wata yamma ina kashe kwamfuta. Ya durƙusa ya gaida uban, sannan ya ce, "Baba, mutane na zagina. Ana cewa ina da hali na bar ka kana karkarwa a kasuwa. Ka zo gida ka huta, komi kake so ni zan yi."

Kawu ya ce, "Wa ya ce maka na gaji?"

"Jikinka ya faɗa, Baba. Kuma shagon nan ba ya kawo komi."

"Shagon kake so ko hutuna?"

Yaya ya miƙe tsaye. Ya ce, "Duk abin da na yi ba ya yi maka. Tun ina yaro haka ne." Ya juyo kaina. "Ke kuma ke kika ɗaure mai gindi da wannan wasan yara. Da yanzu yana gida."

Kawu ya buga teburin da hannun da ke rawa har kwamfutar ta yi tsalle. Ya ce, "Yatsa guda ya rage mini a duniya. Shi ma sai ka karɓe?"

Yaya ya fita bai waiwayo ba.

Bayan girbi ciwon ƙirji ya kama Kawu, aka kwantar da shi a asibiti a Maradi. Ni da Inna muka tafi jinya. Muna can tela ya kira ni, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce an zo da mota an kwashe shagon. Ya ce ya roƙi a bar masa kyamarar da kwamfutar, ya ɓoye su a ƙarƙashin kekensa. Na gaya wa Inna a waje. Muka yi shawarar kar a faɗa masa sai ya ji sauƙi, daga baya kuma muka rasa bakin faɗa.

Ranar da aka sallame shi, motar ta sauke mu a tasha. Na ce a kira amalanke, ya ce a'a, zai taka ya leƙa shagonsa. Na riƙe shi ta hagu, Inna ta dama. Ƙofar a buɗe take. Buhuna ne jere har rufi, da jarkoki a inda kujerarsa take. Labulen nan mai gidan sama da dabino an ɗaure shi a kan sanduna a waje, ya zama inuwar mai gadin kaya. Tela ya fito ya tsaya, ya kasa haɗa ido da shi.

Kawu ya dubi labulen. Ya ce, "Rana za ta cinye shi." Muka kai shi gida.

Na kafa masa kayan a zaure, don kar ya zauna hannu sake. Na rataya farin zanen gado a bango, na ja wayar zuwa gefen shimfiɗarsa. Na sa tela ya riƙa gaya wa mutane cewa mai hoto yana aiki a gida. Kullum da safe zan zo in kunna. Zai sa a sa masa hula, ya zauna ya jingina, yatsan a gefen madanni, allon yana nuna farin zane da kujera ba kowa. Da yamma in zo in kashe. Wani lokaci tela yakan rufe shago ya zo ya zauna a kujerar, ya ce wai hoton da aka yi masa ya ɓata, a sake. Kawu ya san ƙarya ce, yakan ɗauka duk da haka, ya ce masa ya tsufa. Ban da shi da Inna da ni da na cikin gida, zauren nan shiru ne. Abinci kam Yaya yana aikowa, da magani, ba zan tauye masa wannan ba. Amma shi kansa sai dai ya tsaya daga waje ya tambayi jiki ya wuce.

Da lokacin aikin hajji ya matso, Yaya ya samu kujera. Kamar yadda maniyyata ke yi, ya zagaya dangi neman gafara, ya bar uban a ƙarshe. Ya zo da hantsi ina nan. Ya cire takalmi, ya shigo, ya durƙusa. Ya ce, "Baba, zan tafi ɗakin Allah. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Kawu bai dube shi ba. Ya nuna kujerar da ke gaban farin zane da haɓa. "Zamna can."

Yaya ya dube ni, ya tashi ya je ya zauna. Fuskarsa ta cika allon. Na daɗe ban lura ba cewa shi ma furfura ta fara fito masa, kuma goshinsa na uban ne sak. Ya gyara wuyan riga. Ina jin ya ɗauka an huce ke nan.

Kawu ya ce, "Ɗaga kai."

Ya ɗaga. Sauran maganar da Kawu ya saba ƙarawa kowa, "ba laifi ka yi ba," bai ƙara masa ba. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, yana kallon ɗansa ta cikinsa, kallon da ban taɓa ganin ya yi masa ido da ido ba. Yatsan yana kan madanni yana rawa. Zauren ya yi tsit, sai kukan kaji daga cikin gida. Yaya ya yi ƙoƙarin murmushi, ya kasa, leɓensa ya fara motsi, idanunsa suka kawo ruwa. Na ce a raina yanzu ne, yanzu zai danna. Na san Kawu ya gani, don ya fi ni gani.

Ya janye yatsan ya ɗora a cinya.

Ya ce, "Na yafe maka, don Allah ya ce a yafe. Allah ya kai ka lafiya ya maido ka lafiya. Hoto kuwa, ka je bakin tasha, akwai yara."

Yaya ya zauna kamar an dasa shi. Sannan ya tashi, ya share fuska da hannun riga, ya sa takalmi ya fita. Ina jin tashin baburinsa har ya ɓace.

Kawu ya jingina da bango ya rufe ido. Na zaci barci ne. Can ya ce, "Ɗiyata, cire wayar nan. Naɗe ta da kyau, kar ta karye." Na cire, na naɗe. Bai sake cewa a kunna ba. Ya ga dawowar alhazai, ya karɓi dabino da ruwan zamzam daga hannun ɗansa, ya sa masa albarka a gaban mutane. Damina na tsakiya ya cika, da safe, kansa a kan cinyar Inna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin ransa da tsawarsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ya ba shi hannun da ba ya rawa a inda ya tafi. Shi ya yafe kafin ya tafi, na ji da kunnena. Ni har yanzu ban kai can ba, kuma duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a.